Kashin dankali a Sudan: wa ke cin ribar yaƙin da ake yi da sunan talaka?

A jihar Jazira da ke tsakiyar Sudan akwai wani irin ƙauye da hukuma ba ta ɗauke shi ƙauye ba. Kambo ake ce masa, idan suna da yawa a ce kanabi. Bukkoki ne da 'yan ɗakunan laka a gefen magudanan ruwan gona, inda leburorin auduga suka yada zango tun zamanin Turawa, har zangon ya zama gida. Nan aka haifi kaka, nan aka haifi jika, amma a takarda ba su mallaki ko taku ɗaya na filin da suke kwana a kai ba. Yawancin kanabi ba makaranta, ba asibiti, ba lantarki, wasu ma ruwan magudanar da ake ban-ruwa da shi suke sha. Mazaunansu 'yan asalin Darfur ne da Kordofan da Chadi, sai kuma Hausawa da Fulani da Barebari waɗanda kakanninsu suka biyo hanyar Makka a ƙafa.

Ranar 10 ga Janairun 2025, ana gobe sojojin gwamnati za su ƙwato birnin Wad Madani daga hannun dakarun RSF, rundunar kai ɗaukin gaggawa da ke yaƙi da sojan ƙasar, wasu mayaƙa masu mara wa soja baya suka afka wa Kambo Tayba da ke gabashin birnin. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ƙirga aƙalla mutum 26 da aka kashe. An ƙone gidaje, an kore dabbobi. Laifin da ake jingina wa mutanen kanabi a lokacin shi ne wai sun haɗa baki da RSF. Ga abin da zai ɗaure maka kai: jagoran rundunar da aka ɗora wa alhakin harin, Abu Aƙla Kaikal, shi ne babban kwamandan RSF a Jazira har zuwa Oktoban 2024, lokacin da ya sauya sheƙa ya koma ɓangaren soja. Wato wanda ya yi wa RSF aiki da bindiga a hannu an karɓe shi hannu bibbiyu, leburan da ake zargi kuwa an cinna wa bukkarsa wuta.

Da yawa daga cikinmu mun san yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 a matsayin faɗan janar-janar biyu, Abdulfattah al-Burhan na soja da Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemeti, shugaban RSF. Haka ne, amma ruwa ba ya tsami banza. Mutum biyu ba sa iya tara dubban matasa su mutu dominsu sai akwai wani miki da suka iya sosawa. Mikin Sudan tsoho ne, zaman kashin dankali, na sama ya danne na ƙasa, kuma tun kafin a ba ƙasar tuta aka jera dankalin.

Turawan Ingila sun riƙe Sudan tare da Masar daga 1899 zuwa 1956, amma kuɗinsu wuri guda suka zuba. A 1925 suka kammala madatsar ruwa ta Sinnar suka buɗe gandun Jazira, wanda daga baya ya faɗaɗa har ya kai kusan hekta 880,000, domin masaƙun Lancashire su sami auduga. Jirgin ƙasa, makarantu, Kwalejin Gordon da ta zama Jami'ar Khartum, duk suna kwarin Nilu. Kudu aka rufe ta da dokar yankunan da aka killace ta 1922, aka bar ilimin 'ya'yanta a hannun 'yan mishan. Darfur kuwa, masarauta ce mai cin gashin kanta har 1916 da aka kashe Sultan Ali Dinar. Bayan an haɗe ta da Sudan sai aka manta da ita, in ban da lokacin karɓar haraji da ɗiban leburori. Gandun Jazira kansa hawa-hawa aka tsara shi. Gwamnati da kamfanin Turawa a sama, a tsakiya manoman da aka yanka wa gona, wadda ake kira hawasha, akasarinsu 'yan yankin, a ƙasa kuma masu tsinkar auduga da aka kwaso daga yamma, waɗanda ba su da kaso a ribar.

Da Turawa za su tafi, a 1954, aka raba manyan muƙaman gwamnati kusan 800 da suka bari. Waɗanda suka faɗa hannun 'yan kudu ba su wuce shida ba. A Agustan 1955 sojojin kudu suka yi bore a Torit, ƙasar ba ta ma kai ga samun 'yanci ba, sai 1 ga Janairun 1956. Tun daga nan aka san 'yan mowa da 'yan bora.

Sai dai a nan ya kamata a yi hattara, domin ana yawan taƙaita maganar a ce Larabawan arewa ne suka danne baƙar fatar kudu, Musulmi suka danne Kirista. Wannan bai ɗauko rabin zancen ba. Mutanen Darfur Musulmi ne, ƙasar allo da mahaddata ce ma. Beja na gabas Musulmi ne, tashar jiragen ruwan ƙasar tana yankinsu, amma suna cikin waɗanda yunwa da tarin fuka suka fi ci. Tun 1958 suka kafa ƙungiyarsu ta neman haƙƙi. Larabawa makiyayan raƙuma na arewacin Darfur suna cikin waɗanda boko ya fi yi wa nisa a duk faɗin ƙasar. Kai, ko a arewar da ake cewa ita ce 'yar mowa, lokacin da aka gina madatsar Marawi da aka buɗe a 2009, dubban manoman Manasir da Amri aka tasa daga bakin kogi aka watsa a hamada. Abin da ya mulki Sudan wani ƙaramin rukuni ne na hafsoshi da 'yan kasuwa da gidajen manyan ɗariƙu da 'yan boko, akasarinsu daga ƙabilu uku na bakin Nilu: Ja'aliyyin da Shaiƙiyya da Danagla. Talakan waɗannan ƙabilu bai ci komai ba sai suna, amma sunan ma wani abu ne a ƙasar da ake tambayar asalinka kafin a ba ka takardar zama ɗan ƙasa.

A shekarar 2000 wani littafi marar sunan marubuci ya bazu a Khartum, ana raba shi a ƙofar masallatai. Al-Kitab al-Aswad, wato Baƙin Littafi. Babu zagi a cikinsa sosai, lissafi ne: sunayen ministoci da alƙalai da manyan hafsoshi tun daga 1956, da yankin da kowa ya fito. Ya nuna cewa yankin arewa, mai kusan kashi 5 cikin 100 na jama'a, shi ke kwashe mafi yawan kujerun a kusan kowace gwamnati, ta soja ko ta farar hula. Daga baya aka gane cewa masu hannu a rubuta shi suna da alaƙa da waɗanda suka kafa ƙungiyar tawaye ta JEM ƙarƙashin Khalil Ibrahim, kuma da yawansu tsofaffin 'yan harkar Musulunci ne na gwamnatin Umar al-Bashir, waɗanda suka shiga da imanin cewa addini zai shafe bambancin asali, suka tarar ba haka ba. Shekara biyar bayan haka wani tsohon ministan kuɗi, Abdurrahim Hamdi, ya gabatar wa jam'iyya mai mulki takardar da ke ba da shawarar a tattara jari a yankin da ya tashi daga Dongola zuwa Sinnar zuwa Kordofan, tunda nan ne ƙuri'un da za a dogara da su suke. 'Yan Sudan har yau suna kiran wurin kusurwa ukun Hamdi. Abin da 'yan tawaye ke zargi, sai ga shi ɗan gida ya rubuta da hannunsa.

Amma muƙami damuwar ɗan boko ce. Abin da ya sa manomi ɗaukar bindiga ƙasa ce, kuma a ganina nan ne gizo ke saƙar. A 1970 gwamnatin Ja'afar Numairi ta kafa dokar da ta ce duk filin da ba a yi wa rajista ba na gwamnati ne. To, filayen da aka yi wa rajista tun zamanin Turawa kusan duk a bakin Nilu suke. Da zanen alƙalami ɗaya, manomin Dutsen Nuba da na Nilul Azraƙ da na Gadarif, da makiyayin da ke bin burtalin kakanninsa, suka wayi gari baƙi a kan ƙasarsu. Shekara guda bayan haka aka rushe mulkin sarakunan gargajiya, waɗanda su ke sasanta manomi da makiyayi. Sai gwamnati ta shiga yanka manyan gandaye na noman tarakta tana ba 'yan kasuwar birni da hafsoshin da suka yi ritaya, waɗanda ake kira jallaba. Mai gandu yana Khartum ko Omdurman, wakilinsa na gona, mai ƙasar asali kuma ya koma ɗan ƙodago a gonar ubansa. Gandayen suka toshe burtali, makiyayi ya karkata ya faɗa gonar ƙaramin manomi, su biyun suka kama juna da faɗa, wanda ya haddasa abin yana can yana ƙirga buhunan dawa da riɗi. Matasan Nuba da suka bi Yusuf Kuwa cikin tawaye a tsakiyar shekarun 1980, Musulmi da Kirista, gandayen Habila suna cikin abin da ya tura su.

A Darfur salon daban ne. Tun zamanin sarakuna akwai tsarin hakura, inda kowace babbar ƙabila take da dar, wato ƙasarta: Fur da Masalit da Zaghawa, har da Larabawa masu shanu na kudu irin Rizaiƙat. Larabawa masu raƙuma na arewa ba su da dar, domin yawo ne rayuwarsu, kuma muddin ana ruwa ba wanda ya damu. Farin 1984 zuwa 1985 ya kashe dabbobi, hamada ta matso, makamai suka kwararo daga yaƙin Chadi da Libiya. Marar ƙasa ya fara kallon ƙasar mai ƙasa. Da 'yan tawaye suka kai hari filin jirgin saman al-Fashir, babban birnin Darfur ta Arewa, a Afrilun 2003, gwamnati ba ta wahalar da kanta ba. Ta nemo waɗannan marasa ƙasa ta ba su bindiga da izini, ladansu kuma abin da suka kwasa da filin da suka kore masu shi. Su ne Janjawid. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta mutum 300,000 ne suka mutu, fiye da miliyan biyu suka bar gidajensu.

Wannan dabara ta ba talaka bindiga ya kashe talaka ita ce, a fahimtata, ta fi komai bayyana dalilin da ya sa yaƙe-yaƙen Sudan ba su taɓa rage tazara tsakanin mai shi da marar shi ba. Akwai masana tarihi da ke cewa yaƙi, duk muninsa, yakan daidaita al'umma, kuma suna da hujja. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Ingila ta kafa tsarin kiwon lafiya kyauta ga kowa a 1948, a Japan kuma aka karɓe filaye daga manyan masu ƙasa aka mallaka wa manoman haya. Sai dai a can gwamnati ta ɗebi ɗan kowa ta kai fagen daga, ta tatsi aljihun attajiri da haraji mai nauyi, don haka da aka gama sai da ta biya bashin da jama'a ke bin ta. Gwamnatin Khartum ba ta taɓa cin irin wannan bashi ba. A shekarun 1980 murahilin, mayaƙan sa-kai na Larabawa makiyaya, ta ɗaure wa gindi suka far wa ƙabilar Dinka ta kudu. Daga baya aka yi dakarun sa-kai na Difa'ush Sha'abi, sannan Janjawid. Kuɗin yaƙi kuma daga 1999 man fetur ne ke kawo shi, bayan 2011 zinariya. Gwamnatin da ba ta dogara da harajinka ba, ba ta kuma roƙi ɗanka ba sai dai ta yi hayarsa, me zai sa ta gina maka asibiti? Shekara hamsin ana yaƙi a gefe-gefe, Khartum tana ƙara benaye, masu gudun yaƙin kuma suna zuwa bayan gari su zama masu aikatau da masu sayar da shayi.

An yi yunƙurin gyara, kuma ba na wasa ba. John Garang, ɗan kudu da ya kafa ƙungiyar tawaye ta SPLM a 1983, bai ce a raba ƙasa ba. Sabuwar Sudan yake kira, wadda Dinka da Nuba da Beja da Fur da talakan arewa za su zama daidai a cikinta, shi ya sa ya sami mabiya har a arewa. Bayan yaƙin da ya ci kusan rai miliyan biyu aka sa hannu kan yarjejeniyar 9 ga Janairun 2005. Ranar da ya sauka Khartum a watan Yuli, taron da ya tarbe shi ya girgiza masu mulki. Mako uku da rantsar da shi mataimakin shugaban ƙasa na ɗaya, jirgi mai saukar ungulu ya faɗi da shi ranar 30 ga Yuli. Abin da ya rage na yarjejeniyar shi ne rabon kujeru da rabon kuɗin mai, rabi da rabi na rijiyoyin kudu, tsakanin jam'iyyu biyu masu bindiga. Batun ƙasa aka miƙa wa hukumar da ba ta taɓa tsayawa da ƙafarta ba. A 2011 kudu ta ɓalle da ƙuri'a kusan kashi 99 cikin 100, ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man. Shekara biyu da rabi bayan haka, a Disambar 2013, waɗanda suka yi yaƙin neman adalci suka juya wa juna bindiga a Juba, babban birnin Sudan ta Kudu, a kan wa zai riƙe tukunyar. An gudu ba a tsira ba.

Darasin da kowane mai buri ya ɗauka daga nan a fili yake: ba a kiran ka teburin rabo sai kana da mayaƙa. Kuma ba wanda ya haddace darasin kamar Hemeti. Ɗan Mahariyya ne, reshen Rizaiƙat masu raƙuma, bai yi nisa a makaranta ba, ya yi fataucin raƙuma kafin ya zama kwamandan Janjawid. A 2013 al-Bashir ya mayar da mayaƙansa rundunar RSF, yana yi masa kirari da himayti, wato garkuwata, domin ta kare shi daga sojansa na kansa. A 2017 Hemeti ya ƙwace ma'adinan zinariya na Jabal Amir daga hannun Musa Hilal, tsohon jagoran Janjawid. Ya tura dubban matasa Yaman su yi wa Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa yaƙi. Ga saurayin da ya tashi a rugar da ba makaranta, wata shida a Yaman na iya kawo kuɗin aure da mota da gida. RSF ta zama babbar ma'aikatar ɗaukar aiki a yankin da gwamnati ba ta taɓa kai masana'anta ba. Wanda ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa.

Kafin a kai ga fashewar, sai da farar hula suka gwada tasu hanyar, kuma ita ce ta fi ba ni sha'awa a duk tarihin nan. A Disambar 2018 farashin burodi ya tashi daga fam ɗaya zuwa uku, zanga-zanga ta tashi daga garuruwa irin Damazin da Atbara kafin ta iso babban birni. Takensu kalma uku ne: hurriyya, salam, adala, wato 'yanci da zaman lafiya da adalci. Da gwamnati ta kama wasu ɗalibai 'yan Darfur ta ce su ke shirya ɓarna, tana so ta farfaɗo da tsohon tsoro, sai matasan Khartum suka amsa da waƙar da ke cewa, kai mai wariya mai girman kai, ƙasar duka Darfur ce. Ba a taɓa jin irin wannan daga bakin 'ya'yan 'yan mowa ba. Al-Bashir ya faɗi ranar 11 ga Afrilun 2019. Ranar 3 ga Yuni, a ƙarshen azumi, jami'an tsaro da RSF a gaba suka tarwatsa zaman dirshan da ake yi a ƙofar hedikwatar soja, aka kashe fiye da mutum 100, wasu gawarwakin a kogi aka tsamo su.

Gwamnatin riƙon ƙwarya ta Firaminista Abdalla Hamdok ta gaji baitulmali wayam, alhali kamfanonin soja da na RSF suna riƙe da cinikin zinariya da nama da riɗi da fulawa da gine-gine, ba sa bi ta ma'aikatar kuɗi. Da kwamitin da aka kafa don ƙwato dukiyar tsohuwar gwamnati ya fara matsowa kusa da wannan rumbu, sai Burhan da Hemeti suka haɗa kai suka yi juyin mulki ranar 25 ga Oktoban 2021. Wasu jagororin 'yan tawayen Darfur da yarjejeniyar Juba ta 2020 ta kawo gwamnati ba su bi farar hula waje ba. Jibril Ibrahim na JEM, ƙungiyar da ta taso daga ƙorafin Baƙin Littafi, ya ci gaba da zama ministan kuɗi. Ban faɗi haka don in ce ƙorafin ƙarya ne ba. Ƙorafin gaskiya ne, kujerar ce dai ba ta da faɗin da za ta ɗauki mutanen sansanonin 'yan gudun hijira na Kalma da Zamzam a Darfur.

A wannan tsakanin ne abin ya taɓa Hausawa kai tsaye. Zamansu a Sudan ba na jiya ba ne. Hanyar hajji ta ƙasa ta daɗe tana ajiye mutane, sannan bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci masu hijira har bakin Nilul Azraƙ kusa da Sinnar, inda garin Mai Wurno yake har gobe. Guminsu na cikin audugar Jazira da dawar Gadarif. Amma dokar zama ɗan ƙasa ta farko ta ɗaure abin da zuriyar waɗanda ke ƙasar kafin 1898, aka bar da yawa daga waɗanda ake kira Fallata, wato 'yan asalin Afirka ta Yamma, suna rantse-rantse a ofis kafin su sami takarda. A Yulin 2022, a jihar Nilul Azraƙ, neman da Hausawa suka yi na a ba su masarautarsu a tsarin sarautun gargajiya ya gamu da turjiyar shugabannin Funj da Hamaj da Berta, waɗanda suka ce sarauta da ƙasa tafe suke tare, baƙo kuma ba ya da ƙasa. An kashe fiye da mutum 100 a watan, a Oktoba kuma kusan 200 a yankin Wad al-Mahi, dubbai suka tsere. Hausawa suka fito zanga-zanga a Khartum da Kasala da Gadarif da wasu biranen. Duk wanda ya san rigimar ɗan ƙasa da baƙo a Jos ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Abin lura shi ne su ma waɗanda suka far musu 'yan bora ne. Jiharsu ce ke da madatsar Rusairis da ke haska Khartum, gandayen jallaba sun cinye musu daji, yaƙi ya ɗaiɗaita su tun 2011. Ragowar da manya suka bari ake kashe juna a kai.

Da aka zo batun narkar da RSF cikin soja, soja suka ce shekara biyu, Hemeti ya ce goma, sai bindiga ta karɓi zancen. Nan take RSF ta ɗauko tsohon ƙorafin ta yafa. Masu magana da yawunta suka ce suna yaƙi ne da daular 56, wato tsarin da 'yan bakin Nilu suka gada a 1956, domin a ƙwato wa na gefe haƙƙinsu. Maganar ta shiga kunnen matasa da yawa, domin akwai gaskiya a cikinta, kuma raini da 'yan birni ke yi wa ɗan yamma ba ƙage ba ne. To amma a duba inda bindigar ta nufa. A al-Junaina, babban birnin Darfur ta Yamma, a 2023, Masalit aka bi gida-gida. Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta mutum 10,000 zuwa 15,000 aka kashe a garin kaɗai, har da gwamnan jihar, Khamis Abakar, sa'o'i bayan ya zargi RSF a talabijin. A sansanin Zamzam aka tabbatar da yunwa a Agustan 2024. Al-Fashir ta faɗi a ƙarshen Oktoban 2025 bayan ƙawanya ta kusan shekara ɗaya da rabi, aka yi kisan da har tauraron ɗan Adam ya hango alamunsa. Waɗannan su ne mutanen da suka fi kowa shan wuyar daular 56. A Janairun 2025 Amurka ta ce abin da RSF ta yi kisan ƙare-dangi ne. Soja kuma, da ke cewa yana kare ƙasa, jiragensa sun yi ta ruwan bama-bamai a kasuwannin Darfur, kuma a yankunan da yake riƙe da su kamannin fuska da sunan ƙabila sun isa a kama mutum a ce ɗan leƙen asirin RSF ne.

A wani ɓangare kam yaƙin ya daidaita mutane, amma ƙasa ya ja kowa. Khartum da ta shekara da shekaru tana jin yaƙi a rediyo ta ɗanɗana shi, likita da malamin jami'a suka koma 'yan gudun hijira, fiye da mutum miliyan 12 suka bar muhallinsu. Sai dai ko a gudun akwai hawa-hawa. Mai fasfo da kuɗi a banki ya kai Alƙahira ko Dubai, mai ɗan hali ya kai Bur Sudan yana biyan hayar da ta ninka, marar komai ya taka zuwa Adre a Chadi ko ya zauna inda yake. Zinariya kuwa ba ta daina fita ba ko na rana ɗaya, daga yankunan ɓangarorin biyu, mafi yawanta kuma Dubai take nufa. Ana zargin Daular Larabawa da ba RSF makamai, tana musantawa.

Abin da ya rage na mafarkin 2019 yana wurin da ba a zata ba. Kwamitocin unguwa da suka shirya zanga-zanga sun rikiɗe sun zama ɗakunan agajin gaggawa. Suna dafa abinci a takaya, wato tukunyar jama'a irin ta zawiyoyin Sufaye, suna gyara famfo, suna kwashe marasa lafiya, da kuɗin da 'yan uwa ke turowa ta waya daga ƙetare. Tushen abin al'adar nafir ce, wadda mu muke kira gayya. Ba a tambayar ƙabila a layin abincin nan, kuma ɓangarorin biyu duk sun kama 'yan sa-kan, sun kashe wasu, kowa na zarginsu da yi wa ɗayan aiki. Ba na so in zuzuta abin fiye da ƙima. Tukunya ba ta maye gurbin dokar ƙasa, kuma da tallafin Amurka ya tsaya a farkon 2025 ɗaruruwan takaya sun rufe. Sannan duk zaman sulhun da aka kira, daga Jidda zuwa Janeba, masu bindiga ake aika wa goron gayyata, kamar dai yadda aka yi a 2005 da 2020.

Mutanen kanabi su ma suna da ƙungiyarsu, kuma abin da suke nema bai taka kara ya karya ba: a mallaka musu filin da ɗakunansu ke kai, a sa ƙauyukansu a taswira, a kawo makaranta da ruwan sha. Ba su taɓa kafa runduna ba. Yarjejeniyar Juba ta Oktoban 2020 ta ambace su, ta yi alkawarin a sama musu matsuguni na dindindin da abubuwan more rayuwa. Shekara huɗu da wata uku bayan sa hannun aka ƙone Tayba.